Aikin Yanar Idon Hajiya a Asibitin Gidauniya: Abin da Muka Biya da Abin da Muka Tarar

Kusan shekara biyu ke nan da Hajiya, mahaifiyata, ta daina zura zare a allura da kanta, ta koma kiran jikoki su zura mata, kuma babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci a gidan domin duk mun jingina shi ga tsufa. Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da na same ta zaune a kan darduma da Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe a buɗe bisa cinya, tana karanta Tabaraka da ka, alhali shafin da ke gabanta na wata sura ce daban. Da na matsa mata da tambaya, sai ta ce ta jima tana ganin duniya kamar lokacin da hazon hunturu ya sauka, ba ta dai so ta ɗora mana ɗawainiya ne. Wannan ne ya kai mu asibitocin ido guda biyu a cikin Kano, ɗaya na wani likita ne da ya buɗe domin neman halaliyarsa, ɗayan kuma na wata gidauniya ce da ba a kafa ta don riba ba. A na biyun aka yi aikin, kuma shi nake son in yi wa sharhi, sai dai ba zan iya auna shi daidai ba in ban ajiye na farkon kusa da shi ba. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma abin da mutum ɗaya ya gani a 'yan makonni bai kai a rataya shi a wuyan wata ma'aikata da sunanta ba.

Mutane da yawa suna zaton yanar ido wata fata ce da ke tsirowa a saman ido, wadda za a iya kankarewa ko a narkar da maganin ɗigawa. Likitocin biyu duk sun yi mana bayani iri ɗaya, cewa a cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi garai-garai da haske ke ratsawa, kuma shi ne ke dusashewa da shekaru har ya koma fari. Babu maganin sha ko na ɗigawa da ke mayar da shi yadda yake. Sai an cire shi an sanya na roba a gurbinsa. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 ba sa gani, cewa yanar ido ce sanadin fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan makanta, kuma lamarin ya fi tsanani a Arewa. Binciken ya kuma tarar da ɗimbin idanuwan da masu aikin gargajiya suka ture wa yanar zuwa can ciki da tsinke, aikin da sau da yawa yake barin mutum cikin duhun da ya fi na da. Duk wanda ya san wannan zai gane cewa maganar kuɗin aikin ido magana ce ta ko tsoho zai ƙarasa rayuwarsa yana kai kansa masallaci, ko kuwa a cire jika daga makaranta a mayar da shi ɗan jagora.

Asibitin kuɗin muka fara zuwa, domin shi wani abokin aikina ya nuna mini. Na buga waya aka ba mu lokaci, muka isa muka tarar da ɗakin jira mai sanyi da kujeru masu laushi, kuma kafin awa ɗaya ta cika likita ya ga Hajiya. Shi ne mai asibitin, kuma ya zauna da mu kusan minti ashirin yana amsa duk abin da na tambaya, har ya ɗauko wani gunkin ido na roba ya buɗe shi ya nuna wa Hajiya inda matsalar take, yana ce mata, "Mama, nan ne ya yi duhu, kuma in Allah Ya yarda za mu share miki shi." Yana aiki da na'urar da ke farfasa yanar ta zuƙe ta ta wata 'yar ƙaramar kafa, kuma ya ce ana iya yin aikin a cikin makon nan. Daga nan aka miƙo mana takardar farashi mai hawa uku, gwargwadon irin madubin robar da mutum ya zaɓa, aka ce sai an ajiye kaso mai tsoka kafin a sanya rana. Ko mafi araha a cikinsu ya zarce albashina na wata uku. Ban ga laifinsu ba a kan haka, domin ba su ɓoye mana komai ba, kuma na san akwai kuɗin haya da man janareta da albashin ma'aikata da bashin na'urar da aka shigo da ita da dala, sannan mai jari yana da haƙƙin ganin ribar jarinsa. Allah Ya halatta ciniki. Abu ɗaya da bai kwanta mini ba shi ne yadda yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta yi ta nanata mana wani gwaji na ƙari da wani tabarau mai tsada, waɗanda likitan da kansa bai ce dole ba ne.

Kano ta daɗe da sanin asibitocin ido na taimako. Asibitin ido na ECWA ya samo asali ne daga aikin 'yan mishan na SIM tun a shekarun 1940, kuma daga baya gidauniyar Al-Basar ta ƙasar Saudiyya ta buɗe asibitin ido na Makkah. Wanda muka je ba ya cikin waɗannan biyun. Ƙarami ne, kuma wata maƙwabciyarmu da aka yi wa aiki a can ce ta ba mu labarinsa, tare da gargaɗin cewa wanda ya bari rana ta fito bai ga likita ba a ranar.

Mun yi sallar asuba muka tari adaidaita sahu, amma duk da haka lamba ta arba'in da wani abu aka ba mu. A ƙarƙashin rumfar kwano, a kan dogayen bencina, na ga irin taron da ban taɓa gani a asibitin kuɗi ba: tsofaffi daga ƙauyukan Jigawa da Katsina, wasu mata biyu da suka taso tun daga Damagaram suka kwana a tasha, da wani dattijo mai farin rawani da wani yaro ɗan kimanin shekara tara yake ja da sanda. Da aka buɗe taga aka ce kowa ya kawo kuɗin kati, sai Hajiya ta jawo hannun rigata ta ce a hankali, "Kai, ba ka ce mini asibitin taimako ba ne?" Wani mutum da ke bayanmu ya ji ta, ya ce ai taimakon a allon ƙofa yake, in an shigo ciki kasuwa ce kamar kowace. Na ga kawuna da dama suna gyaɗawa. Ni ma a lokacin raina ya sosu, domin abin da na ɗauka a zuciyata shi ne duk inda aka rubuta cewa ba don riba ba, to kyauta ake nufi.

Wannan fahimta kuskure ce, kuma ina ganin ita ce take haddasa rabin rigimar da ake yi a irin waɗannan wurare. Asibitin gidauniya ma yana sayen dizal a farashin da kowa ke saye, yana biyan likita da nas da mai shara, yana sayen madubin roba da zare da safar hannu. Dole kuɗi su shigo, kuma in ana son wurin ya ɗore dole abin da ya shigo ya ɗara abin da ya fita. Inda hanya ta rabu shi ne makomar rarar. A kamfani, abin da ya rage bayan an fitar da ɗawainiya da haraji na masu hannun jari ne, suna iya raba shi su sa a aljihu, kuma ran da suka sayar da kamfanin kuɗin nasu ne. Ƙungiyar da ta yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da sunan amintattu, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA wadda aka sabunta a 2020, ba ta da mai ita a wannan ma'ana. Dokar ta wajabta a kashe duk kuɗin shigarta da dukiyarta a kan manufar da aka kafa ta dominta, ta hana raba wani kaso ga mambobi da sunan riba, kuma in ƙungiyar ta rushe, abin da ya rage bayan biyan bashi ba ya komawa hannun waɗanda suka kafa ta, sai dai a miƙa shi ga wata ƙungiya mai manufa irin tata. Saboda wannan sharaɗi ne ake ɗauke mata harajin da kamfani ke biya a kan riba, ko da yake in ta shiga kasuwanci zalla a gefe hukumar haraji tana da magana a kan wannan ɓangaren, kuma ma'aikatanta suna biyan harajin albashi kamar kowa.

Mu da muka tashi da sanin waƙafi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Lokacin da Sayyadina Umar ya samu gona a Khaibara ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an nuna masa ya tsare asalin ya sadaukar da amfanin, don haka ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. A cikin sharuɗɗan da ya gindaya akwai cewa babu laifi ga mai kula da ita ya ci daga amfaninta gwargwadon abin da aka saba, ba tare da ya tara dukiya da ita ba. A ganina wannan sharaɗi ya amsa gunagunin masu cewa me ya sa ma'aikatan gidauniya suke karɓar albashi. Likitan da ya shafe shekaru fiye da goma yana koyon fiɗar ido yana da iyali, kuma in ba a biya shi abin da zai riƙe shi ba, gobe za a ji yana Saudiyya ko Ingila. Abin da za a sa wa ido shi ne ko cin ya tsaya a gwargwado.

Kuɗin da aka yanka mana na aikin gaba ɗaya, har da madubin roba da gadon kwana ɗaya, bai kai kashi ɗaya cikin uku na mafi arahar farashin asibitin farko ba, kuma an ba ni rasit a kan kowane kwabo. A gabana na ga an kai dattijon nan mai rawani wani ƙaramin ofishi, wata ma'aikaciya ta yi masa tambayoyi game da sana'arsa da 'ya'yansa, ya fito da takarda mai hatimi ba tare da ya biya komai ba. Na tambayi jami'in da ke kula da harkokin kuɗi yadda suke yin haka, ya ce mini wani ɓangare daga masu bayar da tallafi yake zuwa, wani kuma daga abin da irinmu masu ɗan hali muka biya, da kuma wani sashe na musamman da ke can gefe, inda mai kuɗi ke biyan ninki ya ga likita ba tare da bin layi ba, ya kwana a ɗaki shi kaɗai.

Wannan sashe ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Da ido na ga wani mai babbar riga ya sauko daga mota da hantsi, ya shiga ya fito, mu da muka zo tun duku-duku muna nan a kan benci, kuma babu mai ganin haka zuciyarsa ta yi masa daɗi. Amma tsarin ba su suka ƙirƙiro shi ba. Asibitin ido na Aravind da Dakta Govindappa Venkataswamy ya kafa a birnin Madurai na ƙasar Indiya a 1976, da gado 11 kacal, a kan wannan turba ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin aikin ido a duniya: masu hali su biya, marasa hali a yi musu kyauta ko a kan ɗan abu kaɗan, likitocin kuma su ne dai ke yi wa kowa. A 1992 suka kafa masana'antar Aurolab domin ƙera madubin roba da kansu, abin da ya karya farashinsa ƙwarai ga ƙasashe matalauta. Saboda haka na karɓi hujjar, da sharaɗi guda, wato bambancin ya tsaya a kan sanyin ɗaki da gajeren jira, kada ya shiga ɗakin tiyata. Gwargwadon abin da na iya bincikawa, likita ɗaya ne ya yi wa mai babbar rigar da dattijo mai rawani aiki, a ɗaki ɗaya, kuma wannan ya wanke su a wurina.

Ta fuskar aikin kansa ba ni da abin cewa sai yabo. An auna jinin Hajiya da sukarinta, aka tarar jinin ya hau, sai likita ta ɗage aikin da mako guda ta rubuta mata magani, duk da roƙon da na yi saboda wahalar zirga-zirga. Yanzu na gane gaskiyarta. An auna idon da na'ura domin a san ƙarfin madubin da ya dace da shi, ba a ɗauko kowanne aka cusa ba. Ranar aikin an yi mata allurar kashe zafi a gefen ido, aka yi fiɗar da hannu ta ƙaramar tsaga, irin wadda aka fi yi a asibitocin da ke karɓar jama'a da yawa domin ba ta buƙatar na'ura mai tsada, kuma ba a fi minti ashirin ba aka fito da ita da bandeji. Washegari da safe aka jera su su goma sha wani abu a kan benci, nas tana bi tana ɓare filasta ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Hajiya ta ƙifta ido sau biyu ko uku, hawaye na zuba saboda haske, sai ta ɗaga tafin hannunta tana kallon zanen da ke ciki kamar ba nata ba. Daga nan ta juya ga 'yata da ta rako mu, ta kama haɓarta ta daɗe tana dubanta, ta ce, "Ashe haka yarinyar nan ta girma." Dattijon mai rawani kuwa kabbara ya yi ta yi, yana nuna agogon bango yana faɗa wa jikansa ƙarfe nawa.

Inda na samu matsala shi ne duk abin da ke kewaye da aikin. A zuwanmu na farko mun shafe fiye da awa bakwai, kuma ba tsawon jiran ne ya fi ci mini rai ba, domin na ga yawan jama'a da ƙarancin likitoci. Rashin bayani ne. Babu mai fitowa ya ce an kai lamba kaza, ko likita ta shiga tiyata sai ƙarfe kaza, don tsohuwa ta samu ta je ta yi alwala ko ta sa wani abu a bakinta. Kowa yana tsoron ya motsa a kira shi ba ya nan. Banɗakin mata ɗaya ne ga taron nan duka, kuma babu ƙarfen dafawa ga mutanen da akasarinsu ba sa gani. Maganin ɗigawar da aka rubuta bayan aiki ya ƙare a kantin asibitin, sai da na zaga shagunan magani a waje na saye shi da tsada, ina fargabar kada in faɗa wa jabu. Mafi muni shi ne abin da ya faru da wata baiwar Allah da ta tambayi mai gadi dalilin da ya sa aka shigar da wasu gabanta. Ya daka mata tsawa a gaban jama'a ya ce ta gode wa Allah da ake yi mata a araha, in ba ta so ga ƙofa nan. Matar ta girmi mahaifiyarsa. Ta sunkuyar da kai ta koma ta zauna, kuma cikinmu babu wanda ya tanka, har da ni, domin kowa yana gudun kada a huce a kan majinyacinsa.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa irin wannan magana ba za ta taɓa fita daga bakin mai gadin asibitin farko ba, kuma ban yarda cewa wai can mutanen kirki ne nan kuma akasin haka ba. A asibitin kuɗi, wanda ake yi wa hidima da wanda ke biya mutum ɗaya ne, don haka in ya fusata ya tafi da kuɗinsa, mai asibitin zai ji a aljihunsa kafin wata ya ƙare. Kuɗin majinyaci su ne bakinsa. A asibitin gidauniya an raba waɗannan biyun: majinyaci yana kan benci, mai bayar da kaso mafi girma na kuɗin kuwa yana wani gari ko wata ƙasa, kuma abin da ke isa gare shi rahoto ne na yawan idanuwan da aka buɗe. Idan matar nan ta yi fushi ta tafi, mutum goma ne za su cike gurbinta kafin azahar, kuma babu layin da zai nuna tafiyarta a rahoton ƙarshen shekara. Na ga alamar wannan ƙarara ranar da aka cire bandeji, lokacin da wani matashi ya shigo da kyamara yana ɗaukar tsofaffin hoto suna hawaye, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Na san hotunan nan su ne ke jawo tallafin da za a yi wa wasu aiki, amma da na tare shi na ce Hajiya ba ta son a ɗauke ta, mamakin da na gani a fuskarsa ya nuna mini cewa ba a saba tambaya ba.

Tun da babu mai hannun jari da zai bi diddigin kowace naira, kuma majinyaci ba shi da ƙarfin juya baya, nauyin sa ido ya koma kan kwamitin amintattu da hukuma. Doka ta ce irin waɗannan ƙungiyoyi su riƙa miƙa bayanan shekara ga CAC. Sashe na 839 na dokar 2020, wanda ya ba hukumar CAC damar dakatar da amintattu in an samu almundahana ko rashin iya riƙo, ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, musamman daga shugabannin coci-coci da ƙungiyoyin farar hula da suka ji tsoron gwamnati za ta yi amfani da shi ta danne masu sukarta. Tsoronsu yana da tushe, amma ni da na zauna a kan bencin nan ina ganin dukiyar da aka tara da sunan talaka ta fi kowace buƙatar mai tambaya. Na nemi ganin taƙaitaccen lissafin shekarar da ta gabata, jami'in kuɗin ya karɓe ni da mutunci, ya ce akwai shi amma sai da izinin shugaba. Ban zarge su da cin ko sisi ba, hasali ma duk abin da na gani ya nuna kuɗin suna tafiya inda ya dace. Sai dai takarda ɗaya da za a liƙa a jikin allon sanarwa, mai nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe da adadin waɗanda aka yi wa kyauta, da ta rufe bakin mutumin nan da ya ce kasuwa ce.

Akwai kuma raunin da ke tattare da dogaro da hannun wani. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira a 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Asibitin kuɗi ya ƙara farashi ya ci gaba da harkarsa. Na gidauniya ba ya iya ƙarawa yadda yake so ba tare da ya kori mutanen da aka kafa shi dominsu ba, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya bar kantin maganinsu babu kaya. Abin da ya faru a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje ta kuma rushe hukumar USAID, har shirye-shiryen lafiya da dama a Afirka suka tsaya cak, ya isa darasi ga duk gidauniyar da ta jingina da ƙofa ɗaya. Wannan ya sa na daina jin zafin kuɗin katin da na biya, na kuma fara ganin cewa attajiranmu da ke rabon shinkafa a azumi za su iya tsayar da waƙafin shaguna ko gidajen haya da kuɗinsu zai riƙa shiga irin wannan asibiti kowane wata.

Wanda yake da hali, ko yake da majinyacin da ba zai jure zaman benci ba, ko idonsa yake da wata matsala ta daban bayan yanar, ba zan hana shi zuwa asibitin kuɗi ba, kuma ya tambayi likita kai tsaye wane gwaji ne dole wane ne na ganin dama. Wanda kuwa ƙarfinsa irin nawa ne, ya je na gidauniyar da zuciya ɗaya, domin hannun likitarsu mai kyau ne, amma ya yi sammako, ya riƙe tabarma da ruwa da abin karyawa, ya tafi da takardun awon jini da na sukari in yana da su, ya kuma tanadi kuɗin magani a gefe. Wata biyu bayan aikin, Hajiya ta koma karatunta a mushafi da tabarau, tana tsince shinkafa da kanta. An ba mu ranar aikin ido na biyu bayan Babbar Sallah, kuma can za mu koma. Kafin nan na rubuta wa kwamitin amintattun wasiƙa, na yi godiya a kan idon mahaifiyata, na ba su labarin matar da aka yi wa tsawa, na kuma roƙe su su sa mai sanar da lamba a rumfar jira, su riƙa neman izini kafin ɗaukar hoto, su liƙa lissafinsu inda kowa zai gani. Na miƙa ta hannun sakatare ranar da muka je duba ido na ƙarshe, ya sa hannu a kwafina ya buga hatimi.